Ɗan Rugga da Ɗan Gari a Aji Ɗaya

A ƙauyukan Tambuwal da Kebbe, ɗan makiyayi yakan shigo aji da Fulatanci a bakinsa, alhali malaminsa Hausa da Turanci yake yi. Tun shekarar 1989 Gwamnatin Tarayya ta kafa Hukumar Ilimin Makiyaya, amma har yau malamai masu jin Fulatanci sun yi ƙaranci. Ga kuma hare-haren 'yan bindiga a Jihar Sakkwato, waɗanda suka sa ake yi wa Fulani kuɗin goro, maganar kuma tana bin yara har cikin aji. Malamin da ya ji gori ya yi shiru, to ya ɗaure masa gindi ne. Don haka ana kira ga sakatarorin ilimi da shugabannin makarantu da su riƙa gayyatar arɗo tare da hakimi zuwa taron iyayen yara.