Malami Tukuna, Sa'an Nan Na'ura

Akwai masu zancen a sa kwamfutar hannu a aji ɗaya da aji biyu na firamare. Mu dai ba mu ƙi ci gaba ba. Abin da muke tambaya shi ne, a hannun wa za a danƙa ta?

Ƙasar Peru ta raba wa 'yan makaranta kwamfutoci dubu ɗaruruwa. Da aka bincika a 1012 bayan dubu, wato 2012, sai aka tarar karatunsu da lissafinsu ba su ƙaru ba. Suwidin ma, duk da wadatarta, a 2023 ta koma ga littafin takarda domin ƙanana. To, balle mu?

Dokar 2004 ta ce ilmin shekara 9 kyauta ne, kuma tilas. Ga shi har yau a ƙauyukan fadamar Rima wasu yara a ƙasa suke zama, wasu kuwa suna gonar shinkafa korar tsuntsu. Lantarki ko a Birnin Kebbi sai ta ga dama. Da me za a yi caji?

Shawararmu ke nan. A fara daga Kwalejin Adamu Augie ta Argungu, a koya wa malaman gobe aiki da na'urar. A shirya darussan da Hausa, a sa wutar hasken rana, a kuma bayyana wa jama'a kuɗin kowace kwangila.

Ya ku iyaye, harajinku ne za a kashe. Kada ku yi shiru sai kwalliya ta biya kuɗin sabulu.