LAMBA 44: LAIFIN ƘAFA NE KO NA KWALI?

Wannan makon ku yi mini afuwa, babu ci gaban labari, domin akwai abin da ya tokare mini maƙogwaro tun bikin 'yar yayata a Maiyama, in ban amayar da shi ba alƙalamina ba zai motsa ba.

An kawo lefe akwati 6, mata sun cika tsakar gida, ana ɗagawa ana guɗa. Atamfa, leshi, shadda, mayafai, babu abin kushewa. Takalma ƙafa 12, kowanne da jakarsa mahaɗi, duk lamba 41. Amarya kuwa 44 take sawa. Ba laifin dangin ango ba ne, sun aiko sun tambaya, uwar yarinya ce ta ji nauyin faɗin gaskiya, wai kada a tafi da 'yarta a baki. Da aka shiga ɗaki gwaji, yatsu suka shiga, dunduniya ta tsaya a waje. Wata daga cikin gwaggonnin ango da ta leƙo ta ce, "Allah dai ya sa ba ɗan daudu munka auro ba," aka kwashe da dariya har da tafawa. Yarinyar da ta sauke Alƙur'ani, ta gama sakandare, take riƙe da ƙannenta da ɗinki, ta kwana kuka saboda halittar da ba ita ta yi wa kanta ba.

Washegari na karyi tsinken tsintsiya daidai tsawon ƙafarta, yadda iyayenmu ke yi in za su aiki yaro sayen takalmi, na hau mota sai Jega. Na ce garin da ya yi suna a kasuwanci tun ƙarni na 19, inda hanyar Sakkwato da ta Birnin Kebbi da ta Yawuri suka haɗu, ai ba za a rasa takalmin mace ɗaya ba. Rumfa bayan rumfa ina miƙa tsinke, ana dubawa ana murmushi. Wani yaro da ban fi haihuwarsa ba ya ce, "Hajiya, wagga ƙafa ai ta maza ta, ki je layin maza ki sai mata silifas." Na wuce Aliero, na ce can akwai jami'a tun 2006, 'yan mata daga ko'ina, dole masu shago su waye. Ina! Mafi girman da aka nuna mini 42 ne, shi ma irin wanda aka rubuta 42 a ƙasa amma ƙirar 40 ce.

To jama'a, ku san wani abu. Lambobin nan da muke amfani da su lissafin Turai ne, kuma tsakanin kowace lamba da mai bi mata kashi biyu cikin uku ne na santimita. Ke nan daga 41 zuwa 44 santimita 2 ne kacal, bai kai gaɓar yatsa ba. A kan santimita 2 aka sa uwa ta yi ƙarya, aka sa amarya kuka, aka yi mini dariya a garuruwa biyu.

Wani dattijo mai rumfa, Allah ya saka masa, shi ya zaunar da ni ya yi mini bayani. Takalman mata a kwali suke zuwa daga Sin, su sauka Legas, su biyo ta Anacha ko Kano kafin su iso mana, kuma kowane kwali a haɗe yake tun daga masana'anta, yawanci daga 36 ko 37 zuwa 41. Kowace lamba tana da ƙafar roba ko ta katako da ake ƙera takalmin a kanta, mai masana'anta ba zai kashe kuɗi a kan lambar da yake ganin ba ta da masu saye da yawa ba. Shi kuma ɗan kasuwa tsoron kwantai yake yi, balle tun 2023 da aka saki Naira kayan waje suka yi tashin gwauron zabo. Na yarda, wannan uzuri ne. Amma uzurin rashin kaya ne, ba uzurin wulaƙanci ba. "Babu" kalma ce mai tsabta. Me ya kawo "ƙafar maza"? Kai da ba ka iya kawo abin da mai saye ke nema ba, kai ne kuma da bakin yi masa ba'a?

Yanzu ga abin da na san wasu za su ɗaure mini fuska a kai. Wanda ya fitar da ni daga wannan wahala ɗan daudu ne. Na gaji na zauna cin abinci a bakin tasha a Jega, ya ga tsinken a hannuna, bai tambaye ni komai ba ya ce, "Hajiya, 44 ce ko 45?" Abokan sana'arsa da "ke" suke kiransa, ni dai da "kai" na kira shi, bai nuna ya damu ba. Ya ce shekararsa fiye da 20 yana wannan nema, kuma shi ko gwadawa ba ya iya yi a rumfa, sai dai ya miƙa tsinke ya ce na ƙanwarsa ne. Ba tsoron banza yake ji ba, duk mun tuna mutum 18 da aka kama a Bauchi a 2007 bisa zargin shigar mata. Ya lissafa mini hanyoyi kamar mai karanta wasiƙa: gwanjon da ke zuwa daga Turai da Amurka akan dace da manyan lambobi a ciki, amma ba a sa wa amarya gwanjo a lefe; masu yin takalma a kasuwar Ariyariya ta Aba suna yin kowace lamba in za ka sayi da yawa; mafi sauƙi kuwa, baduku. Ya kwatanta mini inda zan sami wani, ya ƙi karɓar ko sisi bayan kuɗin shinkafarsa.

Ban zo yi wa daudanci ado ba, ni Musulma ce kuma na san abin da malamai suka ce a kan namiji ya kamanta kansa da mace. Amma malaman nan dai su suka karantar da mu Suratul Hujurat, wadda ta hana izgili da jifan juna da miyagun sunaye, kuma ban ji inda aka ce an cire wani daga ciki ba. Wannan gwaggo da ta yi maganar nan a Maiyama mutum biyu ta jefa da dutse ɗaya: ta mayar da halittar yarinya abin kunya, ta mayar da sunan wasu mutane ashar. Su kuma waɗannan mutane su ne ke tuƙa mana tuwon biki, mu ci mu side hannu, mu fita mu zage su. Wani Ba'amurke, Rudolf Gaudio, ya zauna Kano ya fitar da littafi guda a kan rayuwarsu a 2009, ya nuna da yawansu masu sayar da abinci ne, wasu da mata da 'ya'ya. Mu da muke zaune da su tun kaka da kakanni ba mu san su ba sai a wajen dariya. A ƙasashen Turawa ma waɗanda aka haifa maza suke rayuwa a matsayin mata suna da wannan matsala ta takalmi, sai dai can akwai shagunan manyan lambobi, doguwar mace da su duk wuri ɗaya suke saye, mai shago kuɗinsa yake ƙirgawa.

Sai mu, marubuta. Nan ne ya fi yi mini ciwo domin hannuna dumu-dumu a ciki. Ku ɗauko littattafanmu na soyayya tun daga shekarun 1990 ku duba tauraruwa: doguwa ce sambal, fara, gashi har gadon baya, amma ƙafarta 'yar mitsitsiya kamar ta jinjiri. Don Allah a ina aka taɓa ganin dogon gini a kan ƙaramin tushe? Babbar ƙafa kuwa mun ajiye wa kishiya da 'yar aiki da baƙauyiya. Ɗan daudu in ya shigo labari, ko kawali ne ko abin ba da dariya, kamar yadda marigayi Rabilu Musa Ibro ya riƙa fitowa da shi a fim muna sheƙewa. Ni kaina na yi haka fiye da sau ɗaya. 'Yan matan da suka karanta mu a ɓoye cikin littafin lissafi su ne iyaye da gwaggonni a yau, su ne masu ɗaga lefe. Abin da muka shuka ne ya tsiro a ɗakin amaryar nan.

Kuma abin ba ya tsaya ga ɓacin rai ba. Mace kan ƙara lamba bayan haihuwa, ƙafar ba ta komawa yadda take. Mai ciwon sukari likitoci na gargaɗinta da matsattsen takalmi, domin ƙaramar kanta kan zama gyambo, gyambo ya kai ga yanke ƙafa. Mata nawa ne ke cusa ƙafa cikin mai tsinin da bai kai su ba don kada a ji lambarsu, su gurɗe a wajen biki, a kwashe su sai wurin maɗoran Aliero?

Abin takaicin, mu ne masu fata. Jar akuyar Sakkwato ce ta ba da fatar da Turawa suka daɗe suna kira ta Maroko. Baturen nan Barth da ya shiga Kano a 1851 ya tarar ana fitar da takalman Kano har Arewacin Afirka. Yau majemun Sharaɗa da Chalawa na tura fata Italiya, mu kuma muna jiran kwalin Sin ya yanke mana hukuncin iyakar ƙafar mace. Badukun da aka kwatanta mini bai yi dariya ba. Ya shimfiɗa kwali a ƙasa, yarinya ta taka, ya zagaye ƙafar da fensir, bayan kwana 5 muka karɓi ƙafa 3 na jar fata, ɗaya har da aikin zare. Da su ta shiga ɗakin miji. Goma sha biyun can kuwa ƙannen ango suka rabe.

Mako mai zuwa za mu koma kan labari in Allah ya kai mu, kuma ina sanar da ku tun yanzu, na koma babi na ɗaya na gyara. Tauraruwar lamba 44 take sawa, Alhajin ma ya sani. Wanda ba zai iya son ta a haka ba, ya ajiye littafin.