Ra'ayinmu: Kada Baitocin Magabata Su Bi Masu Su Kushewa

Tun kafin boko ya shigo ƙasar Hausa malamanmu suke tsara waƙoƙin begen Annabi da na wa'azi, suna rubuta su da ajami. Muna alfahari da sunayensu, amma baitocinsu nawa suka rage a hannunmu?

Abin da ya sami Girkawa ya ishe mu ishara, ko da yake addininsu ya sha bamban da namu. A ƙarni na 5 kafin haihuwar Annabi Isa, marubucin tarihinsu Hirodotus ya ambaci wani mawaƙi wai shi Olen, wanda ya tsara tsofaffin waƙoƙin bauta da ake rerawa a tsibirin Delos. Yau sunansa kaɗai ya rage, waƙoƙin sun bi iska.

Mu ma mun ɗanɗani irin wannan asara. Wali Ɗan Marina da Wali Ɗan Masani sun yi zamani a Katsina cikin ƙarni na 17, amma waƙar Hausar da ake jingina musu kaɗan ce ƙwarai, ita ma masana na jayayya a kanta. Nana Asma'u kuwa, wadda ta rasu a 1864, waƙoƙinta sun tsira, domin zuriyarta a gidan Wazirin Sakkwato sun adana takardunta, 'yan taru kuma suka riƙe baitocin da ka, har aka tattara su cikin littafi guda a 1997.

To, ina waƙoƙin malaman karkara waɗanda ba su da gidan waziri? Mu dubi ƙauyukan da ke kewaye da Dawanau, a arewa da birnin Kano. Ƙasa ce mai cike da jama'a da makarantun allo, inda baitocin bege ke cikin gafakar malamai da bakin tsofaffin mata. Ga gara da yoyon damina suna cin takarda, ga birni da kasuwar hatsi suna haɗiye gonaki, ga kuma ajali yana ɗauke mahaddatan ɗaya bayan ɗaya. Magada da yawa ba su iya karanta ajamin da aka bar musu ba.

Saboda haka muna kira ga 'yan uwa ɗalibai, musamman na sashen Hausa da na Larabci, da kada hutun nan ya wuce a banza. Kowa ya je garinsu ya durƙusa gaban dattawa, ya nemi izini ya ɗauki hoton takardu da muryar masu rerawa, ya rubuta sunan mawallafi da garinsu da wanda aka ji waƙar daga bakinsa. Asalin takarda a bar wa mai ita, kwafi a kai Jami'ar Bayero ko Gidan Arewa da ke Kaduna.

Hausawa sun ce, da zafi-zafi akan bugi ƙarfe. Allah Ya jiƙan magabata, Ya ba mu ikon riƙe amanarsu, amin.