Ra'ayi: Mu Koyi Yanka Tun Kafin Injin Ya Iso



Duk wanda ya taɓa tsayawa kusa da magini a ƙauyukanmu na Bichi ko Ɗambatta ya san azara ba ta da tsawon da za ta haye babban ɗaki. Shi ya sa magina ke ɗaura ta guntu-guntu, wata kan wata, har bakan gizo ya haɗe a sama. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina masallacin Juma'a na Zariya a ƙarni na 19. Irin wannan tunani ake nema yau a sana'ar firintar 3D, kuma ina ganin ya kamata mu fara koyonsa yanzu.

Firintar 3D na'ura ce da ke narka zaren roba a zafi kusan digiri 200, ta riƙa shimfiɗa shi layi kan layi, kowane layi kaurinsa kamar milimita 0.2, har siffar da aka zana a kwamfuta ta tashi tsaye. Amma cikinta ƙarami ne. Ender 3, wadda masu koyo suka fi sani, ba ta buga abin da ya wuce santimita 25 a tsayi. Idan muna son samfurin Hasumiyar Gobarau ta Katsina mai santimita 60, dole mu yanka zanen gida uku.

Yankan nan shi ne gwanintar. Ana ɓoye tsagar a inda ido ba zai lura ba, kamar gindin bene. Ana yi wa gefe ɗaya turke, ɗaya gefen rami mai ɗan sarari, don su shige juna kafin a sa gam. Ana kwantar da kowane sashe a kan faffaɗan gefensa, domin narkakkiyar roba ba ta tsayawa a iska. Duk abin da ya karkata fiye da digiri 45 sai an yi masa tokara. Ga kuma matsalar wuta. Babban aiki kan kwana yana tafiya, in aka ɗauke wuta a tsakiya sau da yawa ya lalace. Wanda ya raba aikinsa, sashe ɗaya kawai zai yi asara. Ko Mutum-mutumin 'Yanci na Amurka a gutsure 350 aka ɗauko shi daga Faransa a 1885.

Wasu za su ce ba mu da injin, to koyon na mene ne? Ai zane da yanka a kwamfuta ake yinsu, kuma manhajar Blender kyauta ce, da zarar an sauke ta ba ta buƙatar intanet. Wasu kuma na tsoron gumaka. Babu wanda ya ce sai mun yi siffar mai rai. Akwai ƙofofin Kano, akwai rumbu, akwai marfi ko haƙorin inji da ya karye aka rasa irinsa a kasuwa.

Roƙonmu ga hukumar makaranta: a sa mana Blender, a ba mu ɗakin kwamfuta awa ɗaya a mako. Kafin nan, mu gwada da yumɓu da kara: a gina hasumiya sashe uku, a busar, a ga ko za su haɗe. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Daga Ƙungiyar 'Yan Jarida