A Faɗa Musu Labarin Zinaren Duka

 A Amurka akwai yaran da ba sa zuwa makaranta, iyayensu ne ke koyar da su a gida. Cikin darussansu har da labarin zinaren Kaliforniya. A Janairun 1848 wani kafinta, James Marshall, ya tsinci zinare a bakin kogi. Cikin 'yan shekaru mutane kusan 300,000 suka kwarara can yamma, wasu a keken shanu, wasu ta jirgin ruwa.

A ganina, kada iyayen su tsaya kan masu sa'a kawai. Yawancin masu haƙa ba su samu abin kirki ba. Sam Brannan, mai sayar musu da shebur, shi ya kuɗance. 'Yan asalin wurin kuwa an kore su daga ƙasarsu, an kashe dubbai. A aji wani zai ɗaga hannu ya yi tambaya. A gida fa? Abin da Mama ta tsallake ya wuce kenan.

Mu ma zinare ya taɓa mu. A 2010 gubar dalma daga wuraren haƙa ta kashe ɗaruruwan yara a Zamfara. Wanda muke zama benci ɗaya ya tafi haƙa bara, har yau bai dawo aji ba.