Kafin Ka Hau Mota, Leƙa Akurki

Na san wani zai ce me ya haɗa takardar 'yan shanu da zancen kaji? To ku yi mini haƙuri ku saurara, abin a kaina ya faru.

A watan Afrilu na 2024, watan da zafi ya haura digiri 48 a garin Kayes na ƙasar Mali, na ɗora shanu daga Maraɗi zuwa Ikko. Sai da rana ta faɗi muka yi lodi, na tabbata kowane sa ya sha ruwa ya ƙoshi. Bayan mako uku na dawo, na tarar kajin uwargida tara sun mutu cikin kwana biyu. Na ce ciwo ne ya shigo gari. Ta dube ni ta ce, "Maigida, ba ciwo ba ne, kwanon nan da ka rufa wa akurki ne ya gasa su." Wallahi ban sami abin cewa ba, don ni na kafa kwanon da hannuna.

Mu faɗa wa kanmu gaskiya. Ranar da aka tsare mu a kan iyaka, ko mahauta suka riƙe mana kuɗi, me ake cefane da shi a gida? Ƙwai ne da 'yan zakaru. Su ne kuɗin niƙa, su ne sabulu, su ne maganin yaro in zazzaɓi ya tashi da dare. Amma a wurinmu duk abin da ba shi da ƙaho ba dukiya ba ne.

Ita kaza ba ta gumi. Zafin jikinta kuma kusan digiri 41 ne, ya fi na mutum. In rana ta take, abin da take iyawa kawai ta buɗe baki tana haki, ta saki fukafukai. Daga nan sai ta rage ci, ƙwai ya ragu, ɓawonsa ya yi laushi. In hakin ya daɗe babu inuwa babu ruwa, sai dai a tsinci gawa.

Maganin ba ya cin kuɗin igiya ɗaya. In akurkinka na kwano ne, shimfiɗa masa zana ko karan dawa a kai, ka buɗe masa kafofin iska gefe da gefe. In da darbejiya ko mangwaro a gidan, mai da shi ƙarƙashinsu. Ruwa kuma a zuba a kaskon ƙasa, a ajiye wuri biyu ko uku cikin inuwa, a sake shi da azahar daga randa. Kaza tana ƙin ruwan da ya yi zafi ko da ƙishi na damunta, kuma a bazara shanta yakan ninka. Tsaba da dusa a ba su da asuba da bayan la'asar, don narkar da abinci ma yana ƙara wa jiki zafi. A yayyafa ruwa a ƙasa gindin bango su sami wurin kwanciya. A hana yara korarsu da tsakar rana. Wadda ta galabaita a tsoma ƙafafunta cikin ruwan randa, a ajiye ta inda iska ke kaɗawa.

Wani zai ce ai wannan aikin mata ne. To wa zai hau ya ɗaura zana? Wa zai biya mai ruwa kuɗin garwa ɗaya ta ƙari kullum? Kai ne, Alhaji. Mutumin da ya san kada a lafta shanu cikin mota da rana tsaka bai kamata ya bar kaji cikin tanda ba. Su ma rai ne, kuma za a tambaye mu.

Ga gemuna ya kama wuta, ku shafa wa naku ruwa. Kafin bazara ta kama, ku ba akurki yini guda. Allah ya ba mu sa'ar kasuwa, ya mai da kowa gida lafiya. Amin.