Tasawa da Mayahi: Haɗa manhajar waya ya yi sauƙi, amma wa ke duba ingancinta?

A da, mai son ƙera manhajar waya sai ya shafe shekaru yana koyon harshen kwamfuta. Yanzu matashin da ya gama sakandare a Tasawa, in yana da kwamfuta da kuɗin data, zai iya jera hotuna da maɓallai da linzami kawai, kafin la'asar ya ga abin da ya haɗa ya buɗe a wayarsa. App Inventor, wanda Google ya fitar a 2010 kafin ya miƙa shi ga jami'ar MIT ta Amurka, na cikin waɗanda suka fara buɗe wannan ƙofa. Thunkable da Glide da AppSheet sun biyo baya, har Google ya saye AppSheet a Janairun 2020.

Salon ba baƙo ba ne a jihar Maraɗi. Matasan da ƙungiyoyin agaji ke ɗauka aikin tattara bayanai a ƙauyuka sun san KoboCollect, wanda ake tsara tambayoyinsa ba tare da rubuta lambar kwamfuta ba. Abin da ya sa ya karɓu a karkara shi ne yana aiki ko babu intanet: ma'aikaci ya cika bayanai a Urafan ko Kanan Bakashe, ya adana, sai ya dawo inda akwai sabis ya tura. Da yawa daga cikin sababbin kayan haɗa manhaja kuwa an gina su ne da tunanin cewa intanet ba ta yankewa, lantarki ma haka. Mutanen yankin sun ga akasin hakan a watan Agustan 2023, lokacin da Najeriya ta katse wa Nijar wuta.

Buƙatar dai akwai ta. A nan Nijar, a yankin Maraɗi, ƙungiyar CARE ta fara tsarin asusun Mata Masu Dubara a 1991, kuma har gobe mata na zubi mako-mako suna ba juna rance. Ɗan kasuwar hatsi a Mayahi na son sanin nawa tiya take a Tasawa kafin ya ɗauki mota. Kowanne cikin waɗannan matashi zai iya haɗa masa manhaja cikin kwana biyu. Sai dai littafin asusu ba wurin gwaji ba ne. Idan manhaja ta rubuta zubin mace ɗaya sau biyu saboda sabis ya ɗauke ana cikin turawa, ko waya ta lalace ba a ajiye kwafi a ko'ina ba, ranar rabon kuɗi za a gane, kuma ma'ajiya za a tuhuma, ba yaron da ya haɗa ba. Irin wannan kuskure ba ya fitowa a fuskar manhaja. Tana iya yin kyau kamar ta banki alhali lissafinta a karkace yake.

Shi kansa Google ya lura da yawaitar manhajoji marasa amfani. Tun Nuwamban 2023 ya wajabta wa sababbin masu asusun ƙashin kai su gwada manhajarsu da mutum 20 na tsawon kwana 14 kafin ta shiga Play Store, daga baya ya rage zuwa 12. Ga kuma dala 25 ta rajista, wadda sai da katin banki ake biya. To amma a garuruwa irin waɗannan, manhaja ta fi yawo daga waya zuwa waya ta Xender ko WhatsApp, inda babu mai tsaron ƙofa ko ɗaya. Wanda ya karɓa ta haka ba zai ma san an gyara kuskure a sabon zubi ba.

Akwai kuma doka. Nijar na da dokar kare bayanan jama'a tun 2017, an sabunta ta a Disamban 2022, kuma hukumar HAPDP aka ɗora wa sa ido a kai a lokacin. Duk wanda ya tara sunaye da lambobin waya da basussukan mutane ya shiga hurumin wannan doka, ko da a ɗakinsa ya haɗa manhajar. Galibi kuma bayanan suna can ajiye a rumbun wani kamfani a ƙetare, wanda zai iya ƙara kuɗin wata ko ya rufe tsarin kyauta duk ranar da ya ga dama.

Wannan ya shafi 'yan ci-rani kai-tsaye, domin galibi su ake tunkara da neman jari, daga Kano har Libiya. Kafin a tura kuɗi ta Nita ko Amana, ya kamata a tambaya ko an gwada manhajar a ƙaramar Tecno ko itel mai cike da hotuna, ko tana magana da murya cikin Hausa ga wadda ba ta karanta Faransanci, da kuma wanda zai riƙa gyara ta idan mai ita ya samu gurbi a Jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ya koma Maraɗi, ko shi ma ya bi hanyar Agadas.